Magogin Baba Haladu

Duk shekara idan aka turo ku koyon aiki daga makarantar lafiya, tun ranar farko nake gane abin da ke ranku. Ku dubi kantar nan mai hawa huɗu, ku dubi ambulan ɗin zuba magani, ku dube ni da furfurata, sai ku ce a zuci ashe aikin ke nan, a ƙirga ƙwaya a miƙa. Ba na jin haushinku, ni ma haka na ɗauka lokacin da gashina yake baƙi. Shekara talatin da 'yan kai na yi a ɗakin shan magani na ƙauyen nan da ke gefen Makoda, kuma ƙirga ƙwaya ko jikata za ta iya. Mai wuyar shi ne sanin abin da zai sami ƙwayar bayan ta bar hannunka ta shiga gidan mutane. Rashin sanin wannan ya kusa sa in raba wani tsoho da matarsa har sau biyu a mako guda, kuma labarinsu nake so ku ji kafin ku taɓa mini kwalba ko ɗaya.

Wanda ya koya mini aiki Malam Jatau ne, Allah ya jiƙansa. Mutum ne gajere mai zafin rai, kayan aikinsa kuma ba su taka kara sun karya ba: tukunyar dafa sirinjin gilashi a kan risho, abin sauraren ƙirji da robarsa ta tsage ya ɗaure da zare, da agogon bango da ya daɗe da tsayawa. Allurar asma ta farko da ya bar ni na yi, wani manomi aka ɗauko daga masussuka, ƙaiƙayin gero ya shaƙe shi, ƙirjinsa yana fito tun daga ƙofa. Malam Jatau ya fasa kwalbar aminofilin, ya zuƙa, ya miƙo mini.

"Isyaku, ka iya Yasin?"

"Na iya, Malam."

"To ka karanta a zuci sau biyu, irin karatun tsofaffi, ba irin na mai sauri ya tafi kasuwa ba. In ruwan nan ya ƙare kafin ka kai ƙarshe, ka kashe mutum."

Na kai hannu zan soka, ya buge mini shi da rula. Ya ce wa ya aike ni? Sai na fara ɗora yatsu uku a tsintsiyar hannun mara lafiya na ji bugun jini, sannan in saurari ƙirji, sannan allura. Ko mahaifina aka kawo, haka zan bi. Na sha rular nan har yatsuna suka koyi tafiya da kansu, ba sai na aike su ba.

Bayan Malam Jatau ya yi ritaya, ɗakin ya dawo hannuna, kuma cikin mutanen da na gada har da Baba Haladu da matarsa Inna Asabe. Shi manomin gero da gyaɗa ne, dogo, ba shi da yawan magana. Ita kuwa 'yar mitsitsiya ce mai baki, asma ta kama ta tun tana amarya, haƙoranta kuma duk sun zube sai guda biyu da take cewa ta ajiye ne saboda hoto. Da kaka ta kama aka fara sussuka, sai ka gan shi ya turo keke ya ɗaura matashi a mazaunin baya, ita tana zaune a kai tana yi masa faɗan ya cika bin rami. Su biyu ne kaɗai a gidan. 'Ya'ya mata sun yi aure, babban ɗansu Alhaji Sule kuma yana unguwar Bacirawa a birni yana sayar da kayan gini. Ya daɗe yana so ya ɗauke uwar ya kai ta birni kusa da asibiti, ita tana ƙi. Baba Haladu kuwa kowa ya san ba zai taɓa zama a gidan ɗan farinsa ba, ko sunansa ba ya iya faɗa saboda kunya. In aka ɗauke ta, an raba su ke nan.

Shekarar da nake kira muguwar shekara, ga manoma shekarar alheri ce. Gero ya yi kyau, ko'ina sussuka ake ana shiƙa, ƙaiƙayi yana shiga har cikin ɗakuna. Masu asma suka yi mini layi tun daga baranda har gindin durumi. Ana cikin haka ƙananan ƙwayoyin da muka saba bayarwa suka ƙare, aka aiko mana da wata sabuwar tiyofilin, babba, irin mai narkewa a hankali. An yi ta ne ta yadda in an haɗiye ta ɗungurungum za ta riƙa sakin magani kaɗan-kaɗan har awa goma sha biyu. Na karanta takardar cikin kwalin, na fahimta sarai, ba zan ce muku ban sani ba.

Da layi ya zo kan Inna Asabe, na zuba mata na kwana goma a ambulan, na zana rana tana fitowa da ɗigo ɗaya, rana tana faɗuwa da ɗigo ɗaya, kamar yadda nake yi wa duk wanda bai yi boko ba. Ta zaro guda ta ɗaga ta duba.

"Malam Isyaku, wannan magani ne ko gurjiya?"

Ta yi dariya, dasashinta a waje. Ni ma na yi dariya, na ce ɗaya da safe ɗaya da yamma, Inna, Allah ya ƙara sauƙi. Na kira na gaba. Bakin da babu haƙori yana buɗe a gabana, ta ma gaya mini da kanta ƙwayar ta yi mata girma, amma ban tambayi yadda za ta sha ba.

Kwana huɗu bayan nan, ana idar da sallar azahar, sai ga amalanken shanu a ƙofa. Ba a keke aka kawo ta ba, wannan kaɗai ya nuna mini abin ya yi tsanani. Tana kwance a kan tabarma, jikinta yana karkarwa, tana ta amai, numfashi sama-sama, idanu a buɗe tar. Maƙwabta uku suka biyo su. Baba Haladu ya kama hannuna.

"Malam, asmar ce ta tashi. Kwana biyu ba ta runtsa ba. Yi mata allurar nan taka."

Maƙwabtan ma suka ce a yi allura, a yi sauri. Ni ma abin da na gani ke nan, mai asma tana haki a lokacin sussuka. Na fasa kwalbar aminofilin, na zuƙa, na ɗaure mata dantse, na ga jijiya. Sai yatsuna suka tafi tsintsiyar hannunta da kansu. Bugun da na ji ba na mai asma ba ne kawai. Gudu yake, yana tuntuɓe, ya tsallake ya dawo. Na sa abin saurare a ƙirjinta, gaba da baya. Iska tana shiga tana fita, babu fito ko kaɗan. Na ajiye sirinjin a faranti.

Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya ce, "Haba Malam, mata tana mutuwa kana sauraren ƙirji?"

Ban kula shi ba. Aminofilin da tiyofilin abu ɗaya ne a cikin jini, kuma abin da ke gabana ya fi kama da wanda maganin ya yi wa yawa. In haka ne, allurar da ke farantin nan ita za ta ƙarasa ta. Na tambayi Baba Haladu ko an ƙara mata ƙwayar. Ya ciro ambulan daga aljihu, na duba, babu ƙari ko ɗaya, yadda na zana haka ya bi.

"To Baba, yaya take haɗiye ta?"

"Haɗiya? Ai ba ta iya haɗiye wannan, sarƙe ta take. Gogawa nake yi."

Ya sake sa hannu a aljihu ya ciro magogi. Ku 'yan zamani wataƙila ba ku san shi ba. Marfin gwangwani ne da ake hudawa da ƙusa, tsofaffin da ba su da haƙori suna goga goro a kai ya zama gari su sa a baki. Nasa ya yi baƙi don tsufa, ramukansa sun toshe da ja da fari. Ya ce tun da haƙoranta suka zube shi yake goga mata goro safe da yamma. Da maganin nan ya zo, sai ya fara goga ƙwayar tukuna, ya goga goro a kai don ya ɓoye ɗacin, ya juye mata a tafin hannu. Da ya ga jikinta yana rawa, sai ya ɗauka kasala ce, ya ƙara goron, yana kuma karɓo mata baƙin shayi mai kauri wurin mai shayi, don an ce yana buɗe ƙirji. Yana faɗa mini wannan ne yana jiran in ce ya kyauta.

Maganin awa goma sha biyu ke nan yake shiga jinin tsohuwa a lokaci guda, sau biyu a rana, kwana huɗu. Na dama mata gawayin asibiti mai tsotse guba a ciki, na riƙa ba ta kurɓi-kurɓi tsakanin amai, na aika aka tsayar da wata bas da ta dawo daga kasuwa, aka sauke buhuna. Na rufe ɗakin da sauran masu layi a waje, na shiga na zauna kusa da ita, yatsuna a hannunta har birni. A hanya ta yi jijjiga sau ɗaya, idanunta suka juye. Baba Haladu ya riƙe ƙafafunta yana salati a hankali, bai ɗaga murya ba. A rayuwata ban taɓa jin tsoro irin na wannan tafiyar ba.

Allah ya sa da sauran kwana. A babban asibiti suka karɓe ta, suka sa mata ruwa, suka daidaita zuciyar, washegari ta yi barci. A nan ne wata Hajiya mai harhaɗa magunguna, da ta ga ina ta kai-kawo, ta zaunar da ni ta yi mini bayanin da ban taɓa samu a makaranta ba. Laifin gogawa na san shi, amma na goro ban san zurfinsa ba. Ta ce akwai wani sinadari da jiki yake fitarwa idan ya wahala, sunansa adinosin. Ɗan aike ne, kuma sassan jiki suna da ƙofofi na musamman da yake ƙwanƙwasawa. A huhun mai asma akwai ƙwayoyin garkuwa, waɗanda muke ce wa sojojin jiki, masu saurin fushi. Da ya ƙwanƙwasa musu sai su zazzage abin da ke cikinsu, hanyar iska ta kumbura ta matse, majina ta taru. Ɗaya daga cikin ayyukan tiyofilin shi ne ya je ya tsaya a bakin ƙofar, ɗan aike ya zo ya rasa wurin ƙwanƙwasawa, sojojin su lafa.

"To amma, Malam," in ji ta, "irin ƙofofin nan akwai su a zuciya, akwai su a ƙwaƙwalwa. A can saƙon da yake kaiwa shi ne a sassauta, a huta. In ka toshe su duka, wa zai ce wa zuciya ta rage gudu? Abin da ke cikin goro da ganyen shayi kuma ɗan'uwan tiyofilin ne, ƙofa ɗaya suke tsarewa. Shi ya sa mai cin goro ba ya jin barci."

Tun daga ranar, duk wanda zan ba wa maganin nan sai na tambaye shi goro nawa yake ci, kuma sai ya haɗiyi ƙwayar farko a gabana. Tsofaffi suna cewa Malam Isyaku ya cika bin diddigi. Su yi ta faɗa.

Wannan shi ne karo na farko da na kusa raba su. Na biyun ya zo ne da Alhaji Sule. Ya iso asibitin hankali a tashe, ma'aikatan jinya suka gaya masa abin da ke rubuce a kati, cewa mai kula da ita ne ya niƙa maganin. Mutum ne mai ladabi, bai yi wa uban magana ko ɗaya ba. Ni ya ja gefe, a matsayina na malamin asibitinsu.

"Malam Isyaku, Inna ba za ta koma ƙauye ba. Baba ya tsufa, ka ga dai abin da ya faru. Na sa an gyara mata ɗaki. Ranar da aka sallame ta, gidana za ta wuce."

Na ce to. Abin da na ce ke nan, to. Katin bai ambaci sunana ba, babu wanda ya tambaye ni me na faɗa da me ban faɗa ba. In Alhaji ya kai ƙara sakatariyar ƙaramar hukuma, ana iya ɗauke ni daga aiki, ga iyali. Yini guda cur na yi da bakina a rufe, kuma har yau ina jin kunyar wannan yinin.

Washegari da la'asar na sami Baba Haladu a gindin wata bishiya a harabar asibitin, ya tanƙwashe ƙafa, ko abincin da aka kawo masa bai buɗe ba. Ya riga ya ji hukuncin ɗansa daga bakin 'ya'yansa mata, kuma ba zai yi musu da ɗan fari ba ko da za a yanka shi. Na zauna. Ya buɗe tafin hannunsa yana kallo.

"Malam Isyaku, da hannun nan ne ko?"

Tausayinsa ya kama ni. Mutumin da ya bi zanena ɗigo-ɗigo, ya ƙara da abin da ya sani na kulawa, shi ne yake zaune yana tuhumar hannunsa. Na ce masa a'a Baba, da bakina ne, abin da ya kamata in faɗa ban faɗa ba. Na tashi na tafi neman Alhaji Sule.

Na gaya masa komai a tsaye a baranda: na san ƙwayar ba a fasa ta, na ga bakin Inna, ta ce mini ta yi mata girma, na yi dariya na kira na gaba. Fuskarsa ta canja.

"Kuma tun jiya kana ji ana ɗora wa tsohon nan?"

"Ina ji, Alhaji."

"Wallahi sai na kai ka ƙara."

"Kana da gaskiya, ka kai. Abu ɗaya nake roƙo. Likita ya canja mata magani zuwa na shaƙa. Ka bar ni in koya wa Baba, ranar sallama ya yi a gabanka. In bai iya ba, ba zan ƙara cewa komai ba."

Ya kai ƙarar kuwa, takardar jan kunnen tana cikin fayil ɗina har gobe. Amma ya yarda da gwajin, ina ga don ya tabbata tsohon ba zai iya ba.

Tsohuwa ba ta iya haɗa dannawa da zuƙa a lokaci guda, don haka na samo gorar ruwa ta roba, na huda gindinta daidai bakin abin shaƙar, na liƙe da filasta. Ana fesa maganin a cikin gorar, ita kuma ta sa baki ta yi numfashi shida a natse. Kwana biyu muna yi da Baba Haladu a gindin bishiyar nan da wani fankon abin shaƙa da Hajiya ta ba mu. Girgiza, cusa, jira ta kama da leɓe, danna sau ɗaya, ƙirga. Babban yatsansa ya saba da fartanya, in ya danna kamar zai fasa abin. Ya yi ta maimaitawa har in yana jan carbi ma bitarsa yake yi.

Ranar sallama da hantsi muka taru a bakin gadonta. Inna Asabe tana zaune an ɗaura mata ɗankwali, ƙullin kayanta a ƙasa. Alhaji Sule yana tsaye da makullin mota a hannu. Baba Haladu ya girgiza, ya cusa. Kafin ta kai bakinta sai ya danna. Maganin ya fita ta bakin gorar ya bi iska, muna kallo.

Alhaji Sule ya sauke numfashi, ya juya makullin a yatsa. Tsohon ya sunkuyar da kai. Ni kuma na riga na yi alkawarin ba zan ce komai ba.

Inna Asabe ba ta taɓa yi wa ɗan farinta magana kai tsaye a gaban mutane ba, ranar ma ba ta yi ba. Ni ta kalla.

"Malam Isyaku, gaya wa mai motar nan, shekara ashirin ba ni da haƙori, ban taɓa kwana da yunwa ba. Ya tambaya wa yake tausasa mini tuwo." Sannan ta juya wurin mijinta. "Malam, ai ban shirya ba ne. Sake."

Ya sake girgizawa. Wannan karon ya jira har ta kama gorar da leɓe, ta ɗaga masa gira, sannan ya danna sau ɗaya. Ya fara ƙirgawa a bayyane, idonsa a kan ƙirjinta yana hawa yana sauka. Ɗaya, biyu, uku. Ya kai shida bai tsaya ba. Bakwai, takwas, goma, goma sha biyar. Na buɗe baki zan tsayar da shi, sai na ga ba mantuwa ya yi ba, numfashin nata ne ba ya so ya daina ji. Ita ce ta cire gorar daga bakinta, ta dubi mijinta.

"Ya isa haka, Malam. Ka rage sauran sai mun je gida."

Alhaji Sule ya daɗe yana kallon su. Sannan ya sunkuya ya ɗauki ƙullin kayan uwarsa, ya jawo wa ubansa takalmansa daga ƙarƙashin gado ya ajiye a gabansa. Da ya zo wucewa ta kusa da ni, ya tambaye ni a hankali ko yashin nan na bakin rafi zai bar mota ta shiga har ƙofar gidansu na ƙauye.